Sharhi kan GTO Wizard: shin tana koyar da tatsar babban hannu a foka ta intanet?

Babban hannu ba kullum yake zuwa ba a Texas Hold'em, nau'in fokar da ake raba wa kowa karta biyu, a shimfiɗa biyar a tsakiya don kowa ya haɗa da nasa. Karta A guda biyu a hannu, wato AA, sau ɗaya suke faɗowa cikin rabo 221. Tagwaye kowane iri, wato karta biyu masu lamba ɗaya, sau ɗaya ne cikin rabo 17, kuma ko an same su, damar ta ukunsu ta fito a fulof, wato karta ukun farko da ake shimfiɗawa a tsakiya, ba ta wuce kashi 11.8 cikin ɗari ba. Tsakanin wannan hannu da na gaba kuwa zubin dole, wato abin da 'yan wasa biyu ke zubawa bi da bi kafin a raba karta, yana ta cin jarin mutum a hankali. Don haka abin da aka karɓa a 'yan lokutan da hannu ya yi nauyi shi ke biyan bashin duk sauran zaman. Matsalar ita ce asarar da ake yi a nan ba ta nuna kanta. Allo zai ce ka ci tukunya, wato abin da aka tara a tsakiya, ka ji daɗi, ba wanda zai gaya maka cewa abokin karawarka a shirye yake ya biya ninki uku na abin da ka nema.

A kan wannan batu kaɗai muka auna GTO Wizard. Manhaja ce ta nazarin foka da ke aiki cikin burauza, ba sai an sauke komai a kwamfuta ba. Ba a zuba kuɗi a cikinta. Abin da take sayarwa rumbun amsoshi ne da na'ura ta riga ta lissafa: a kujera kaza, da jari kaza, a kan karta kaza, me ya kamata kowane hannu ya yi idan duka 'yan wasan biyu ba sa kuskure. Tushen lissafin shi ne daidaiton da masanin lissafi John Nash ya bayyana a 1950, inda babu ɗan wasan da zai ƙaru idan ya sauya dabara shi kaɗai; wasa bisa wannan daidaito shi ake kira GTO. Kafin zuwanta, mai son irin wannan amsa sai ya sayi manhaja irin PioSOLVER, wadda ta fito a 2015, ya gina bishiyar wasa, wato duk zaɓin da kowa zai iya yi reshe-reshe, da hannunsa, ya bar kwamfuta tana ta nishi. A nan danna kujeru da karta kawai ake yi, amsa ta fito nan take.

Fuskar manhajar allo ne mai gida 169, layi 13 a tsaye, 13 a kwance, kowane gida nau'in hannu ɗaya. Ja na nufin zubi, kuma gwargwadon duhun jan gwargwadon girman zubin. Kore wucewa ne ko amsawa, shuɗi kuma ajiye karta. Idan aka ɗora linzami a kan gida, sai ta nuna yawan lokutan da hannun ke yin kowane abu, tare da ribar da ake sa ran kowane zaɓi zai kawo. Wannan lamba ta biyu ita ce kan gaba, za mu dawo kanta. Tana buɗewa a waya, amma gida 169 a fuskar waya wahalar ido ce. Nazari na gaske sai da kwamfuta. Babu Hausa a cikinta.

Duk misalan da ke ƙasa na teburin mutum shida ne, kowa da jarin BB 100, inda BB ke nufin babban zubin dole, ma'aunin da ake ƙirga komai da shi.

Darasi na farko da manhajar ke cusa wa mutum, kuma shi kaɗai ma ya isa a yaba mata, shi ne cewa tukunya ninkuwa take yi, ba taruwa ba. A ɗauka mai kujerar rabo, wanda ke magana a ƙarshe daga fulof zuwa gaba, ya buɗe da BB 2.5, mai babban zubin dole ya amsa. Tukunya ta zama 5.5, kowa ya rage da 97.5. Zagaye uku suka rage: fulof, karta ta huɗu, karta ta biyar. Idan ana son jarin nan duka ya shiga tsakiya da zubi uku masu kaso iri ɗaya, ga lissafin. Tukunyar ƙarshe 200.5 ce. A raba ta da 5.5, a sami kusan 36.5. Lambar da za a ninka da kanta sau uku ta ba da 36.5 ita ce kusan 3.32. A cire 1, a raba biyu, a sami kashi 116 cikin ɗari na tukunya a kowane zagaye. Wato 6.4 a fulof, 21.1 a karta ta huɗu, 70 a ta biyar. Yawancin masu koyo ba su taɓa kawo zubi mai wannan girma a ransu ba.

Yanzu a kwatanta da abin da aka saba gani. Mai zuba kashi 33, sannan 66, sannan 66, zai zuba 1.8, da 6, da 14, jimilla ƙasa da BB 22 ko da an amsa masa har ƙarshe. Mai zuba kashi 75 sau uku zai karɓi 4.1, da 10.3, da 25.8, wato kusan 40. Shi kuwa wanda ya yi lamɓo a fulof, ya wuce don kada ya kori abokin karawa, sannan ya zuba kashi 75 sau biyu, abin da zai karɓa 4.1 ne da 10.3, wato 14.4. A idonsa zubin 4.1 kawai ya bari ya wuce. A zahiri na 25.8 ya yar, domin zagayen da aka tsallake kullum na ƙarshe ne, mafi tsoka. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa a ƙananan tebura, kuma dalilinsa tsoro ne: mutum ya daɗe yana jiran hannu, ba ya son a ajiye masa karta. Amma wanda ba shi da komai a fulof, mafi yawan lokuta ba zai sami komai ba a karta ta huɗu ma. Wanda kuwa yake da abin biya, tun fulof zai biya.

GTO Wizard ba ta rubuta wannan bayani a allo, sai dai mutum ya gano shi ta bin reshe. A sashen Study a zaɓi kujerun biyu, a saka fulof, a danna wucewa, a bi har karta ta biyar, a rubuta girman tukunya. A koma a danna zubi, a sake bi. Minti goma na wannan ya fi doguwar lacca.

Sai dai ba kowane lamɓo ne kuskure ba, kuma a nan manhajar ta fi duk wata nasiha ta baki. A saka fulof K♦ 7♣ 2♥, busasshen allo wanda babu mai jiran fulash (karta biyar masu alama ɗaya) ko jere (karta biyar masu bin juna) a kansa. A duba gidan KK, a duba na 77. Duka 'yan uku ne, wato tagwayen hannu sun haɗu da ta ukunsu a allo, kuma KK ya fi ƙarfi, amma shi ne ya fi yawan kore. Dalili ƙirga ne. Wa zai biya zubi uku a wannan allo? Mai riƙe da K. Idan 77 ke hannunka, saura K uku a waje, don haka KQ na iya zuwa ta hanya 12, KJ 12, K10 ma 12, jimilla 36. Idan KK ke hannunka, K ɗaya tak ta rage, hanyoyin nan sun koma 4, 4, 4, jimilla 12. Kai ka riƙe kartar da ya kamata mai biyanka ya riƙe. To tunda masu biya sun yi ƙaranci, kuma da wuya wata karta ta zo ta kayar da kai, barin abokin karawa ya ga karta ta huɗu kyauta na iya ba shi tagwayen da zai biya da su, ko ya ba shi ƙarfin halin yin burga. Mai 77 ko 22 ba shi da wannan uzuri. Shi zubi ne nasa.

A nan ne kuma mutane da yawa ke ɓata da wannan manhaja. Za ka ga gida rabinsa ja rabinsa kore, mai koyo ya ɗauka dole ya haddace cewa kashi kaza yana zubawa, kashi kaza yana wucewa. Ba haka ake karanta shi ba. Duk inda na'ura ta gauraya zaɓi biyu, ma'anarsa ribarsu daidai take a kan abokin karawar da ba ya kuskure. Gaurayin kariya ce daga wanda zai lura da halinka ya yi amfani da shi. Idan mutumin da ke gabanka yana da karkata, misali ba ya iya ajiye K ko da me aka zuba, to daidaiton ya rushe, zaɓi ɗaya ya fi ɗaya nesa ba kusa ba. Laifin GTO Wizard a nan shi ne launi ya fi lambar riba fitowa fili. Ido launi yake fara kamawa. Wanda zai amfana sai ya horar da kansa ya riƙa duba lambar tukuna: idan bambancin zaɓi biyu bai kai ɗigon BB ba, a bar shi, idan ya kai BB ɗaya ko biyu, nan ne wurin karatu.

Jiƙaƙƙen allo kuwa labarinsa daban. A ce 8♥ 8♦ ke hannunka, fulof ya fito 9♠ 8♠ 4♣. Karta 47 ne ba ka gani ba. A cikinsu akwai ♠ guda 11; a cire 4♠ da ke ba ka fulhaus ('yan uku haɗe da tagwaye, hannun da ya fi fulash), saura 10 da ke cika wa wani fulash. Sannan Q, J, 10, 7, 6 da 5 waɗanda ba ♠ ba, uku-uku, guda 18, kowacce na iya cika wa wani jere. Karta 28 ke nan cikin 47, kusan kashi 60, da za su sauya fuskar allo. Ɓarnar iri biyu ce, kuma ta biyun an fi mantawa da ita. Ko dai kartar ta ba shi hannun da ya fi naka, ko kuma ba ta ba shi komai ba amma ta tsorata shi. Mai A9 da zai amsa babban zubi a fulof da murna, idan 10♠ ta faɗo, ko rabin tukunya sai ya yi ta jinkiri. Mai jiran fulash yana da karta 9, kusan kashi 19 a karta ta huɗu, kusan kashi 35 zuwa ta biyar. Mai jiran jere ta baki biyu yana da 8, kusan kashi 31.5 zuwa ƙarshe. Waɗannan mutane yanzu suke biya, lokacin da suke da fata. Bayan karta ta biyar, wanda bai samu ba ba zai ba ka ko sisi ba. Shi ya sa a irin wannan allo gidan 'yan uku a manhajar kusan ja ne tas, kuma ja mai duhu. Zubin kashi 75 na tukunya yana buƙatar mai amsawa ya ci kashi 30 na lokuta kafin ya mayar da kuɗinsa, na kashi 33 kuwa kashi 20 kawai yake nema. Ƙaramin zubi a nan tamkar sayar masa da karta ne a farashin da ya yi masa daidai.

Idan kai ne a babban zubin dole, wato kai ke fara magana a kowane zagaye daga fulof zuwa gaba, hanyar gina tukunya ita ce ka wuce, ya zuba, ka ɗaga. Lissafin ya nuna dalili. Ya zuba 1.8 cikin 5.5. Idan ka amsa kawai, tukunya 9.1 ce, saura 95.7, kuma kafin jarin ya shiga a zagaye biyu sai an zuba kashi 185 sau biyu, abin da da wuya a amsa, ga shi ba ka da tabbacin zai sake zubawa. Idan ka ɗaga zuwa 7 ya amsa, tukunya ta koma 19.5, saura 90.5, zubin kashi 110 sau biyu ya wadatar: 21.5, sannan 69. Manhajar na nuna wannan ɗagawa da 'yan uku da tagwaye biyu, amma tana haɗa su da masu jiran fulash da jere. Wanda ya kwafi rabin farko ya bar na biyu, cikin ɗan lokaci duk mai lura a teburin zai gane cewa ɗagawarsa ma'ana ɗaya gare ta.

Abin da ya fi ba sabon mai amfani mamaki shi ne zubin da ya zarce tukunya a karta ta huɗu. A koma K♦ 7♣ 2♥. Ka zuba ƙarami, 1.8, ya amsa, 3♠ ta faɗo, ya sake wucewa. Yi tunanin abin da ba zai iya riƙewa ba. AA, KK da yawancin AK da ya ɗaga su tun kafin fulof. 77 da 22 da wani kaso nasu ya ɗaga a fulof. Hannayensa sun sami rufi, mafi yawansu K ce da rakiya matsakaiciya, ko 7, ko ƙananan tagwaye. Naka kuwa ba su da rufi. A irin wannan hali na'ura na son zubi mai girma ƙwarai. Kashi 150 na 9.1 shi ne 13.7, tukunya ta koma 36.5, wani kashi 150 a ƙarshe kusan 55 ne. Jimilla ta haura 70, a hannun da tsarin 33, 66, 66 zai tsaya ƙasa da 22. Akwai rahoton da ke tattara dukkan karta ta huɗu a jadawali ɗaya, ya nuna wacce ke kiran babban zubi da wacce ke kashe shi, kuma akwai irinsa na fulof. Fulof 22,100 ne ke iya fitowa, amma idan aka haɗe masu kama da juna 1,755 ne. Wannan rahoto shi ke hana mutum haddace allo ɗaya-ɗaya, ya koma gane iyali-iyali: busassu masu babbar karta, jiƙaƙƙu masu matsakaita, masu tagwaye a tsakiya.

A karta ta biyar tambaya ɗaya ce: girman zubi sau yawan amsawa. A ɗauki tukunyar BB 40 don misali. Zubin 20 da ake amsawa sau 7 cikin 10 yana kawo 14. Zubin 40 da ake amsawa sau 5 cikin 10 yana kawo 20. Zubin 60 da ake amsawa sau 4 cikin 10 yana kawo 24. Na ƙarshen shi aka fi ajiye wa karta, shi ya fi cin rai a lokacin, kuma shi ya fi kawo kuɗi. A ƙa'idar daidaito ma, wanda aka zuba wa rabin tukunya ya kamata ya ci gaba da kashi 67 na hannayensa, cikakkiyar tukunya kashi 50, tukunya da rabi kashi 40. Zubi ya ninku uku, amsawa ba ta ko ragu da rabi ba. Sharaɗin dai shi ne hannunka ya fi yawancin abin da zai amsa da shi. Da hannun da babu na sama da shi, ko kusa da haka, a nemi babba. Da A da K a allon da K ce babba, babban zubi na iya korar duk waɗanda ka fi ya bar maka waɗanda suka fi ka.

Tukunyar da aka ɗaga sau biyu kafin fulof ba ta buƙatar wannan gaggawa. Mai rabo ya buɗe da 2.5, mai ƙaramin zubin dole ya ɗaga zuwa 11, aka amsa: tukunya 23, saura 89. Kashi 53 sau uku ya kai jarin tsakiya, 12.2, 25.1, 51.7. Ko an tsallake zagaye ɗaya, kashi 98 sau biyu ya isa. Shi ya sa a nan za a ga AA na wucewa a wasu busassun allo ba tare da asara ba. Lamɓo na da araha idan jari gajere ne a kan tukunya, yana da tsada idan jari dogo ne.

Inda ta gaza

Duk amsoshin rumbun nan an gina su ne a kan abokin karawar da babu shi a duniya, wanda ke burga daidai gwargwado, yake kuma ajiye karta daidai gwargwado. 'Yan ƙananan tebura ba haka suke ba. Da yawansu suna amsawa fiye da kima, suna burga ƙasa da kima. Wannan na taɓa babban hannu ta fuska biyu. Lamɓon da na'ura ke yi da KK ya dogara ne a kan cewa idan ka wuce, shi zai zuba da hannun banza. Idan mutum ne da ba ya zubawa sai yana da abu, tarkon ka ɗana wa iska. Sannan girman zubin da ta zaɓa ya ɗauka cewa KJ zai ajiye a wani mataki. Idan ba zai ajiye ba, girman da ya dace ya fi wanda ke allo.

Maganin yana cikin manhajar, sai dai yana bayan ƙofa mai tsada. A 2023 kamfanin ya sayi fasahar Ruse, ya mayar da ita GTO Wizard AI, wadda ke warware yanayin da kai ka tsara cikin daƙiƙoƙi. A ciki akwai damar kulle dabarar abokin karawa. Matakan su ne: a tsara kujeru, jari da girman zubin da ake son gwadawa, a bar ta ta warware, a je mahaɗar, wato wurin yanke shawara, da abokin karawa ke amsa zubinka na karta ta huɗu, a zaɓi duk hannayensa masu K da masu 7, a mayar da su amsawa ɗari bisa ɗari, a kulle, a sake warwarewa, sannan a koma mahaɗarka a ga yadda launi da lambar riba suka sauya. Abin da ke lalacewa a nan shi ne kulle zagaye ɗaya kawai. Idan ka sa shi ya amsa da tarkace a karta ta huɗu ka bar ta biyar a buɗe, na'ura za ta sa ya buga ta biyar kamar gwani, ya ajiye tarkacen nan duka, sai amsar ta rage maka ribar da ke akwai a gaske. Dole a kulle zagayen gaba ma. Kuma abin da ka saka shi za ta ba ka: idan zatonka a kan mutumin kuskure ne, za ta ba ka kuskuren da lambobi masu kyan gani.

Haka batun ɗagawa a karta ta biyar. Ka zuba da 'yan uku a allon da ♠ ta uku ta faɗo, aka yi maka ƙundumbala da duk jari. Manhajar na iya cewa a amsa, domin a lissafinta akwai burga cikin hannayensa. A teburin da mutane ba sa irin wannan burgar, amsawar ƙona kuɗi ce. Ƙarfin hannu da allo ake auna shi, ba da yadda ya yi kyau a fulof ba. Wannan dai kada a kai shi ga tsoron inuwa: idan mutum biyu suka shiga fulof kowa da tagwayensa, damar duka biyun su sami 'yan uku kusan kashi 1 ce cikin ɗari. Mai ajiye ƙananan 'yan uku a busasshen allo don gudun manya, asararsa ta fi ta wanda ke biya duk ranar da hakan ta faru.

Rauni na uku shi ne tukunyar mutum uku ko huɗu. Mafi yawan rumbun bayan fulof na mutum biyu ne, alhali a ƙananan tebura da na kuɗin wasa sau da yawa mutum huɗu ke ganin fulof. A can lamɓo ya ƙara muni, domin kartar kyauta mutum uku ka ba, kuma damar wani yana da abin biya ta ƙaru.

Sashen Practice ya yi kyau idan an san yadda ake saita shi. Idan aka bar shi yadda yake, zai yi ta raba maka hannayen banza. A zaɓi kujeru biyu, a fara daga fulof, a taƙaita hannaye zuwa tagwaye da manyan karta, a sa ya tsaya bayan kowane kuskure. Yana yi wa kowane zaɓi maki, daga mafi kyau zuwa babban kuskure, tare da BB nawa aka yi asara. Sashen Analyze kuma ana loda masa tarihin hannayen da aka buga, ya jera su bisa girman asara. Sai an kunna adana tarihi a manhajar dandalin tun kafin a zauna, in ba haka ba babu abin lodawa. Dabarar da ta dace da batunmu ita ce a duba hannayen da aka ci, ba waɗanda aka faɗi ba; kowa na waɗanda ya faɗi yake bincike, alhali ɓarnar babban hannu a cikin na nasara take ɓoye. Idan girman zubinka babu shi a bishiyar rumbun, za ta kai shi ga mafi kusa, don haka hukuncinta a kan zubin da ya fita daga al'ada ba abin dogaro ba ne sosai. A kuma tabbatar an zaɓi rumbun da la'adarsa, wato kason da dandalin wasa ke cira daga tukunya, ta yi daidai da teburin da ake bugawa, domin a ƙananan tebura abin da dandali ke yanka, idan aka auna da BB, ya fi na manya yawa, kuma hakan na sauya hannayen da ake shiga da su tun farko.

Kada a buɗe ta lokacin wasa. Manyan dandali sun haramta neman taimakon na'ura ana tsakiyar hannu, PokerStars ma ba ta yarda irin wannan manhaja ta kasance a buɗe ba muddin tata na aiki. A 2020 GGPoker ta rufe asusu da dama kan wannan laifi, ta ƙwace fiye da dala miliyan 1. Ita kanta GTO Wizard tana da hanyar da ake bincika ko an nemi amsar wani allo a daidai lokacin da ake buga shi.

Biyan kuɗi wata-wata ne ko shekara-shekara, da dala, mataki-mataki, kuma warware yanayi na kanka da kulle dabara suna matakan sama. Akwai na kyauta mai ba da jadawalin kafin fulof da ɗan abin dubawa bayan fulof kowace rana. Ga mai karɓar albashi da naira ko sefa, matakin sama ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma sayen manhaja ba ya mayar da mai faɗuwa mai ci. La'ada na yankar kowace tukunya, kowa ya ci ko ya faɗi. Foka da kuɗi dai caca ce, hukuncinta a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, kuma jihohin Arewa masu bin shari'a sun hana ta. Mai sha'awar lissafin wasan kawai yana da teburan kuɗin wasa, inda ba a saka ko kwabo, kuma shi matakin kyauta ya ishe shi: ya saka K♦ 7♣ 2♥ yau, 9♠ 8♠ 4♣ gobe, ya bi kowane reshe har karta ta biyar. Ƙirgar hanyoyin KQ da KJ da muka yi a sama ma Equilab, wadda kyauta ce, za ta yi masa ita. Matakin da ke da kulle dabara na wanda ya riga ya iya lissafin zubi uku da ka ne, yake kuma da tarihin hannaye masu yawa da zai gina zatonsa a kai. Wanda har yanzu yake wucewa da 88 a allon 9♠ 8♠ 4♣ bai kai wurin ba tukuna.